Idan Hukuma Ta Ce "Amfanin Jama'a", Su Wane ne Jama'ar?



Har gobe idan mutum zai taso daga Kano ko Katsina ya nufo nan, cewa yake yi zai tafi Kurmi. Sunan ya zauna daram a bakinmu tun zamanin da iyayenmu ke koro shanu a ƙasa su koma da huhun goro. Amma duk wanda ya hau tudun Mokola ya waiga gabas da yamma, jan kwano zai gani iya ganinsa. Kurmin ya tafi ya bar mana sunansa. Ba kuwa wani sarki ne ya yi shela a sare shi ba. Kowa ne ya yanki ɗan fulotinsa, ya ka da bishiya biyu ko uku, ya kafa ɗakinsa, kuma kowa da hujjarsa mai kyau, don ba wanda zai kwantar da iyalinsa a kan reshe.

Irin wannan ne ya sa gwamnatoci, a nan da ƙasashen waje, ke keɓe ƙasa su ce ba a gini a nan, ba a noma, ba a farauta: gandun daji, wurin namun dawa, bakin rafi, lambun shaƙatawa. To amma ƙasar da za a keɓe ba daga sama take faɗowa ba. Akwai mai noma ta, akwai mai kiwo a cikinta, akwai wanda kabarin kakansa ke can. Shin ya halatta a tashi mutum mai rai, mai iyali, domin bishiya ta ci gaba da tsayuwa, ko biri ya sami wurin kwana, ko mutanen birni su sami inda za su shimfiɗa tabarma ranar Lahadi? Mu 'yan kasuwa mun san rigima ba ta cika tashi daga kaya ba, daga kalmar da aka rubuta a takarda take tashi. Don haka kalmomin da doka ke aiki da su za mu bi, mu ga abin da kowace ta ɗauko.

Kafin nan sai mun ba hukuma haƙƙinta. Waɗanda suka manyanta a cikinmu sun ga ambaliyar Ogunpa ta watan Agustan 1980, wadda ta ci gidaje da rayuka, ta kuma lalata lambun Agodi. Matasa kuwa sun ga ta 26 ga Agustan 2011, wadda ta kashe fiye da mutum 100 a garin nan cikin dare ɗaya. Ruwa ba ya neman izini. Idan aka cike masa hanya da bulo, ta ɗakin mutane zai bi. Ka dubi yaranmu kuma, a kan kwalta suke buga ƙwallo, mai acaɓa na zaginsu suna tsalle gefe. Idan aka bar wa kasuwa ita kaɗai, wallahi ko taku ɗaya na fili ba zai saura ba, domin wanda duk ya bar nasa fayau, maƙwabcinsa zai gina shaguna ya riƙa karɓar haya, shi kuma a ce masa sakarai. Jikokin da ba a haifa ba ba sa zuwa kasuwa su taya, dabba ma ba ta zuwa. Dole a sami mai tsaya musu, kuma sashe na 20 na tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa hukuma kare ruwa da iska da ƙasa da daji da namun dawa. Wannan ba mu da ja a kai.

Kalmar farko ita ce "mallaka". Muna cewa "filina", "gidana", muna nuna takardar da ake ce wa si-of-o muna cewa shaidar mallaka ce. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa, ba haka ta ce ba. Sashenta na farko ya damƙa duk ƙasar da ke cikin jiha a hannun gwamna, ya riƙe ta amana domin amfanin 'yan Nijeriya baki ɗaya. Abin da ke hannunka haƙƙin zama ne, wanda galibi ake rubuta masa shekara 99, kuma ko sayarwa za ka yi ko jingina sai da yardar gwamna. Abin dariya, wannan tsari daga gida ya biyo mu. Tun 1910 Turawa suka shimfiɗa shi a Arewa, aka sabunta shi a 1962, sannan a 1978 aka rufa wa kowa. 'Yan ƙasar nan da suka saba da filin dangi sun fi mu jin zafinsa a lokacin.

Ka ga, tunda ba kai ke da ƙasar ba, hukuma ba saye take yi daga hannunka ba. "Sokewa" take yi. Ɗan kasuwa ne kawai zai gane nisan da ke tsakanin kalmomin nan biyu. A ciniki mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ƙara, ya sake cewa albarka, har a kai inda zai ce ya sallama, ko kuwa kowa ya kama gabansa. Wannan "albarka" ɗin ita ce 'yancin mai kaya, ita ce ta raba ciniki da ƙwace. A sokewa babu albarka. Takarda ce za ta zo, kuma daga ranar da ta shiga hannunka, ko ranar da aka rubuta a ciki, haƙƙinka ya faɗi.

To da wane dalili ake sokewa? Sashe na 28 ya ce sai domin amfanin jama'a wanda ya rinjayi naka. Sashe na 51 ya jero abin da ake nufi: aikin gwamnati, amfanin kowa da kowa, tsabta, hanya, lantarki, ma'adinai, tsara gari, bunƙasa noma da masana'antu, ilimi, da sauransu. Riga ce mai faɗi ƙwarai, kusan kowa ya sa sai ta shige shi. A watan Janairun 2016 gwamnatin Kuros Riba ta fitar da sanarwar soke haƙƙin ƙasa na kilomita 10 dama, 10 hagu, a tsawon babbar hanya mai kilomita 260 da take son yi, ta cikin kurmin da ya fi kowane saura a ƙasar nan, har da dajin mutanen Ekuri da suka daɗe suna tsaronsa da kansu. Sai da aka yi ta kururuwa ciki da waje kafin a janye sanarwar a 2017. Kalmar da ake tashin manomi da ita domin a tsare daji, ita ce dai aka ɗauko za a share dajin da ita. Ko kotu ta san rigar ta yi faɗi. A 1974, a shari'ar Ereku, Kotun Ƙoli ta rushe karɓar wani fili a yankin Warri saboda an miƙa shi ga kamfani mai zaman kansa, kuma a 1991, a shari'ar Osho, ta sake nuna cewa a karɓe wa wani a ba wani ɗan kasuwa ba shi ne amfanin jama'a ba.

A nan ne karatunmu na zaure yake da abin cewa, domin malamai sun daɗe da sanin wannan mas'ala, sunanta hima. Kafin Musulunci, babban mutum a cikin Larabawa yakan hau tudu ya sa karensa ya yi haushi, duk iyakar inda haushin ya kai ya zama makiyayarsa shi kaɗai, alhali yana tarayya da sauran mutane a nasu wurin kiwon. Yaƙin Basusa da aka ce ya ɗauki shekara 40, a kan taguwa ɗaya da ta shiga himar Kulaibu aka harbe ta ya tashi. Musulunci bai soke keɓe ƙasa ba, mai ita ya sauya. Manzon Allah (SAW) ya keɓe Naƙi'u domin dawakin Musulmi, ya kuma haramta sare itatuwan Madina da farautar namunta. Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin baitulmali.

Abin da ya kamata kowane kwamishinan ƙasa ya sani shi ne wasiyyar da Umar ya yi wa Hunayyu, wanda ya ɗora a kan tsaron wurin. Ya umarce shi ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Ya ce masa ya bar mai 'yan raƙuma kaɗan da mai 'yan tumaki kaɗan su shiga, amma ya kiyayi garken Ibnu Aufin da na Ibnu Affan, domin su in dabbobinsu sun halaka suna da gonaki da dabino da za su koma wa, shi kuwa talaka in nasa sun mutu, ƙofar Umar zai zo da 'ya'yansa yana kuka. Ka lura fa, waɗannan biyun manyan sahabbai ne, attajirai, makusanta, kuma su aka ce a tare a bakin shinge. Sannan Umar bai ɓoye wa kansa komai ba. Ya faɗa da bakinsa cewa mutanen wurin suna ganin ya zalunce su, kuma ƙasarsu ce, a kanta suka yi yaƙi kafin Musulunci, a kanta suka musulunta, ba don dabbobin da ake ɗaukar mutane a kansu saboda Allah ba, da ko taƙi ɗaya bai keɓe ba. Imamu Malik ya kawo labarin can ƙarshen Muwaɗɗa, kuma ba a babin kiwo ko na ƙasa ya ajiye shi ba, a babin addu'ar wanda aka zalunta ya sa shi.

Shugaba ne ke karɓar ƙasa yana jin nauyin abin da yake yi, yana amsa cewa waɗanda ya karɓe wa suna da magana. Mu a Hausa abin da ya yi kama da wannan shi ne hurumi: filin da ake bari a gefen gari domin kiwo, ko itace, ko maƙabarta, wanda ko mai gari ba shi da ikon sayarwa. Da shi da burtali da mashaya, duk dangi ne. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi ɗan littafi a kan hukuncin ƙasa, Ta'alimur Radi, inda ya taɓo irin waɗannan. Ma'aunin da muka tsinta a nan mai sauƙi ne: bayan an kewaye wurin, wa ake buɗe wa ƙofa, wa ake tarewa? Idan macen da ta saba ɗiban itace a wurin yanzu kama ta ake yi, mai motar katako kuwa yana fita da dare ana ɗaga masa hannu, to an juya wasiyyar Umar kanta a ƙasa. Idan kuɗin shiga lambu ya fi ƙarfin ɗan wanda aka tasa daga wurin, haushin karen Kulaibu ne aka sa masa tambarin gwamnati.

Sai "diyya". Kalmar kanta tana da nauyi a harshenmu, don asalinta fansar rai ce ko rauni. Wanda ya ce zai biya diyya ya amsa cewa ya yi ɓarna ke nan. Amma duba abin da sashe na 29 yake biya. Ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta, illa kwatankwacin kuɗin hayar da ka ba gwamnati a shekarar da aka soke. Abin da ake biya shi ne abin da hannunka ko aljihunka ya ƙara wa ƙasar wanda amfaninsa bai ƙare ba: gini, a cire tsufansa, rijiya, shinge, dashen itatuwa, amfanin gona da ke tsaye. A aikace akan ƙirga goro da kwakwar manja da koko a yi musu kuɗi bisa jadawalin hukuma. In ka ce kuɗin bai yi ba, sashe na 30 ya tura ka gaban kwamitin da gwamna ne ya naɗa 'yan cikinsa. In kuma aka ba ka wani gida a madadin, ya zamana ya fi naka tsada, sashe na 33 ya ce rarar bashi ce a kanka.

Yanzu ka ɗora wannan a kan maganar tsare daji ka ga abin da ke fita. Me ya sa hukuma ta zaɓi wancan dajin ba wani ba? Saboda har yanzu yana da itatuwa da namu. Me ya sa yake da su? Saboda mutanen wurin, ko don al'ada, ko don tsoron dodonsu, ko don hankali, ba su cinye shi ba. Ranar biya kuwa, wanda ya sare nasa ya zuba siminti shi ne mai diyya mai kauri, wanda ya bar nasa yadda Allah ya halitta ba shi da abin da za a ƙirga masa. Kai jama'a! Doka ce da aka ɗauko domin a kare daji, amma ladanta ga mai sara yake tafiya. Duk ƙauyen da ya ji ƙishin-ƙishin za a zo awo, me kake tsammani zai yi kafin safiyo ya iso? Ga kuma waɗanda takardar ba ta gani sam: maharbi, mai cin zuma, mai saƙar tabarma, mai ɗiban ganyen magani, makiyayin da ke ratsawa da rani. Ba su gina komai ba, don haka a idon doka ba su rasa komai ba. Kabari ma ba a san kuɗinsa ba. A gandun dajin Kuros Riba akwai ƙauyuka irin su Okwangwo da Okwa da shingen ya rufe da su a ciki tun 1991. An yi maganar sake musu matsuguni, ba a yi ba, suna nan a tsakiya, fita da wuya, faɗaɗa gona laifi. Masu zuwa kallon goggon biri su zo su koma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kada wani ya ce wannan halin baƙar fata ne. A Amurka tsarin mulkinsu ya ce ba a karɓar dukiyar mutum domin amfanin jama'a sai da diyya ta adalci, kuma su kuɗin ƙasar kanta suke biya bisa farashin kasuwa. Duk da haka babban lambun nan na tsakiyar birnin Niyu Yok, Central Park, a kan gidajen mutane aka shimfiɗa shi. A cikinsu akwai ƙauyen Seneka, mai mutum kamar 225, yawancinsu baƙar fata, da majami'u uku da makaranta, aka tashe su a 1857. An biya masu takarda. Amma a wancan zamani baƙar fata a jihar ba ya jefa ƙuri'a sai yana da dukiyar ƙasa ta dala 250, ka ga filin nan ba wurin kwana ne kawai ba, shi ne muryarsa. Wane mai ƙima ne zai sa wa wannan farashi? A jihar Bajiniya ma, da za a kafa gandun Shenandowa, dokar da jihar ta yi a 1928 ta ba da damar karɓar tsaunukan gaba ɗaya, aka fitar da iyalai kusan 500, wasu da ƙarfi, waɗanda ba su da takarda da yawa suka fita hannu rabbana. Tun farko ma Yellowstone ta 1872, wadda duniya ke koyi da ita, ƙasar farautar 'yan asalin wurin ce.

Sai dai sun koyi wani abu daga baya, kuma kalmomin da suka fito da su sun cancanci a duba. Shirye-shiryen jihohi da yawa yanzu da "mai sayarwa da son ransa" suke aiki, wato an maido wa mai ƙasa albarkarsa. Akwai kuma wata dabara: maimakon a sayi gonar duka, sai a sayi haƙƙi ɗaya daga cikinta, haƙƙin yin gini ko yanka fuloti. Manomi na nan a gonarsa, yana noma, yana iya sayarwa, 'ya'yansa su gada, amma sharaɗin yana bin ƙasar duk hannun da ta shiga. Wanda ya san bambancin mallakar asali da mallakar amfani a fiƙihu ba zai sha wahalar gane wannan ba. Ita ma tana da nata gibin, don mai takarda da lauya take yi wa rana, kuma attajirai sun mai da ita hanyar rage haraji.

Wadda ta fi burge mu ita ce kalmar da ke ɗaure hannun hukuma ita kanta. Asusun da gwamnatin tarayyarsu ta kafa a 1964 domin taimaka wa jihohi sayen filayen shaƙatawa, wanda yawancin kuɗinsa daga man da ake haƙowa a teku yake fitowa, yana da sharaɗi: filin da aka saya da kuɗin ba a juya shi zuwa wani abu sai da izini, kuma sai an kawo wani fili mai daraja irin tasa an maye. Jihar Niyu Yok ta sa a tsarin mulkinta tun 1894 cewa gandunta na tsaunukan Adirondak zai zauna daji har abada, ba a sayarwa, ba a ba da haya, ba a sare katakonsa. Gwamna ba ya iya warware wannan da biro, sai an je ga masu zaɓe. Wannan ai shi ne hukuncin wakafi da muka sani: abin da aka tsayar domin wata manufa, sharaɗin wanda ya tsayar yana binsa, mai kula ba ya mai da shi nasa. A namu ganin, nan ne zuciyar maganar. Abin da ya halatta a tashi mutum shi ne manufar da aka faɗa masa. In aka ce masa domin itatuwa ne, ya haƙura ya tafi, bayan shekara 20 ya dawo ya tarar da rukunin gidajen masu kuɗi da mai gadi a ƙofa, to ba yau aka zalunce shi ba, tun ranar farko ne, yau dai abin ya fito fili. Wanda ya ga yadda aka share Maroko a Ikko a 1990, ya kuma ga abin da ke tsaye a wurin yanzu, ya san abin da muke faɗa.

Saura tambaya mai wuya: akwai inda tilas ya halatta? Malamanmu na Malikiyya sun yarda a tilasta wa mutum sayar da wurinsa da kuɗin da ya dace idan masallacin Juma'a ya yi wa mutane kaɗan, ko hanya, ko maƙabarta. An ruwaito Umar ya yi haka da wasu gidaje a kewayen Ka'aba, ya ajiye wa waɗanda suka ƙi kuɗinsu har suka zo suka karɓa. An kuma ruwaito cewa da ya nemi gidan Abbas domin faɗaɗa masallacin Madina, Abbas ya ƙi, suka kai wa Ubayyu ɗan Ka'abu, ya ba Abbas gaskiya, sai bayan nan Abbas ya ba da gidan kyauta da kansa. Ruwayoyin biyu ba faɗa suke yi ba. Suna nuna cewa tilas tana da ƙofa, amma ƙunƙuntacciya ce, kuma shugaba da talaka suna iya tsayawa gaban alƙali ɗaya.

Malaman usulu sun kasa maslaha uku: larura, buƙata, da ƙawa. Bakin Ogunpa da in aka gina shi ruwa zai ci unguwa, larura ce. Dajin da ke riƙe da idon ruwan da gari ke sha, larura ce. Halittar da ta rage 'yan ɗaruruwa a duniya, in ta ƙare ba mai dawo da ita, muna sa ta kusa da nan. A irin waɗannan muna ganin tilas ta halatta, da cikakkiyar diyya, a biya kafin katafila ta iso. Amma lambun furanni da wurin wasan ƙwallon attajirai, wannan a je a taya, mai wuri ya ce albarka in ya so. Mun san za a ce mana mutum ɗaya mai taurin kai zai iya riƙe aikin gari duka don ya tsuga kuɗi. Haka ne, yana faruwa, kuma mun fi kowa sanin mai ɓoye kaya sai sun yi tsada. Za a kuma ce filin wasa ga yaron da ke kwana su takwas a ɗaki ɗaya ba ƙawa ba ne, ya kusa zama magani. Wannan ma mun karɓa, shi ya sa ba sunan aikin muke dubawa ba, wanda zai shiga muke dubawa. Fili buɗaɗɗe a tsakiyar unguwar talakawa, ba kuɗin ƙofa, ya hau zuwa buƙata. Wanda aka kewaye da waya aka sa tikiti ya sauko.

Mu da muke zaune a ƙasar wasu, maganar ta fi shafar mu ta fuska biyu. An ce baƙo raɓa ne, amma Sabon nan tun 1916 take, raɓar da ta shekara 100 da ɗoriya ai ta zama rafi. Sashe na 43 na tsarin mulki ya ba kowane ɗan ƙasa damar mallakar gida ko fili a ko'ina a Nijeriya. Duk da haka, ranar da aka zo awo, wanda ba ɗan ƙasa ba, ba shi da kabiyesi, ba shi da takarda, shi ne farkon wanda ba a ƙirgawa. Ta ɗaya fuskar kuma, masu kai shanu cikin gandun Tsohuwar Oyo, wurin da kangon birnin da kakanninmu ke kira Katunga yake, da masu sayen gawayi da katako ba su tambayi inda aka saro ba, da masu cike magudanar ruwa su kafa shago, su sani hurumin wasu suke ci. Wanda ke neman a tsare masa amana ba ya kamata a same shi da hannu a cikin ta maƙwabci.

Abu biyu na aiki. Jan fenti a bango ba sanarwar sokewa ba ne. Doka ta ce sai takarda mai sa hannun jami'in da gwamna ya wakilta, a kuma isar da ita ga mai haƙƙin, kuma kotuna sun sha rushe sokewar da ba a bi wannan ba. Duk wanda takarda ta zo masa, ya duba wace manufa aka rubuta, ya adana ta, don wata rana ita ce hujjarsa. Wanda zai sayi fili a hannun omo-onile kuwa, ya kai safiyo ya duba ko wurin yana cikin abin da gwamnati ta riga ta karɓa, kafin ya ƙirga ko sisi.

Na biyu, namu hurumin: filin idi, maƙabarta, harabar makarantar Islamiyya, ɗan filin da yara ke taruwa. A fito da takardunsu a ga sunan wa ke kai. In sunan mutum ɗaya ne, komai amanarsa, magada ne za su gaje shi. Hanyar da doka ta tanada ita ce a yi rajistar amintattu da sunan al'umma, a auna wurin, a rubuta manufarsa ƙarara yadda na baya ba zai juya ta ba. Muna roƙon kwamitin unguwa ya sa wannan a zamansa na gaba, a gayyato lauya ɗaya da safiyo ɗaya daga cikin 'ya'yanmu, a kuma ɗauko dattawan da suka san iyakokin da waɗanda suka ba da filayen, tun suna iya fitowa.